Kuɗin Wankin Ƙasa: Daga Bagega Zuwa Ƙofar Marusa

Watan jiya Yayana ya kira ni in raka shi ganin wani fuloti a bayan Ƙofar Marusa. Shekararsa goma sha ɗaya yana haya, ga 'ya'ya huɗu, ƙaramarsu ba ta daɗe da fara rarrafe ba. Dillali ya riga mu isa. Fili ne mai kyau, kusa da titi, an share shi tas an baje jar ƙasa a kai. Ni kuwa tun da muka sha kwana na gane wurin. Muna yara kududdufi ne. Aka yi ta zuba masa shara har ya cike, sannan makanikai suka kafa rumfuna a kansa. A kusurwar gabas akwai wani mutum da sana'arsa fasa tsofaffin baturan mota. Da gatari yake fasa su, ya tsiyaye ruwan a ƙasa, ya zare dalmar ya narka a kasko. In an taso mu daga Islamiyya mukan tsaya kallonsa, don narkakkiyar dalma tana da kyan gani.

Na ce, "Yaya, ka tuna abin da ake yi a nan da?"

Ya ce, "Na tuna mana. To mi ya rage? Ai an share."

Dillali ya sa baki, "Malam, takardu lafiya lau suke. Mai unguwa ya sa hannu, shaidu sun sa."

Kuma gaskiya ya faɗa. Na karanta takardun. Akwai tsawo da faɗi, akwai maƙwabtan kusurwa huɗu, akwai sunan wanda ya sayar wa wanda ya sayar. Abu ɗaya ne babu, wato abin da aka yi shekara da shekaru ana yi a kan ƙasar. Ni aikina rubuta manhajar kwamfuta, kuma a sana'armu ba ka taɓa layi ɗaya ba tare da ka bar sawu ba: wa ya canza, yaushe, don me. Bayan shekara goma wani zai iya bin sawun ya gano inda ɓarna ta shigo. Takardar fili ba ta da wannan. Tifa uku ta jar ƙasa ta isa ta shafe tarihin wuri.

Abin da ya sa na damu da dalma, tsohon labari ne da yawancinmu muka ji a rediyo muka manta. Ina ganin ya kamata a sake ba da shi, musamman ɓangaren kuɗin, don nan ne aka fi saurin tsallakewa.

A watan Mayun 2010 hankalin Katsina duka yana kan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ya rasu ranar 5 ga wata, washegari aka rufe shi a maƙabartar Ɗanmarna. Ina ɗalibin jami'a a lokacin, ina cikin taron da ya cika gari. A cikin waɗannan makonnin, a Zamfara maƙwabciyarmu, wasu ƙauyuka suna ta binne yara ba tare da duniya ta ji ba. Tun watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ci karo da mace-macen yara da ya wuce misali a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Sai da aka aika da jini Turai aka auna sannan aka gane gubar dalma ce. Daga baya mutanen ƙauyukan suka tuna cewa agwaginsu ne suka fara mutuwa, watanni kafin yaran.

Musabbabin abin kuwa kasuwar duniya ce ta shigo har tsakar gida. A 2001 ozar zinariya ba ta kai dala 300 ba. A 2010 ta haura dala 1,200. Manomin da ya san akwai zinariya a dutsen bayan garinsu ba zai zauna jiran damina ba. Sai aka shiga haƙo dutse ana kawowa gida, a farfasa da guduma, mata su daka a turmi, a kai injin niƙan hatsi a mai da shi gari, a wanke, a kama zinariyar da zaiba. Abin da ba a sani ba shi ne dutsen da aka faɗa wa a wannan karon cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, a ɗaki, a kan shanyar hatsi, a bakin rijiya. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma jikinsa yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa.

Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, ta samu cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai matakin da likita ke cewa a fara magani nan take. A lokacin ƙa'idar Amurka ita ce ƙasar da yara ke wasa a kai kada dalmarta ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wurare a ƙauyukan nan an auna fiye da 100,000. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi shi ne yara kimanin 400 suka rasu, ban da dubban da suka rayu da raunin ƙwaƙwalwa, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo, ta hanyar da ba kowa zai zata ba. Maganin dalma yana nan, ƙwaya ce da ke kama gubar a cikin jini ta fitar da ita ta fitsari. Amma in ka ba yaro magani ka mai da shi tsakar gidan da ya kwaso gubar, ka yi aikin baban giwa. Saboda haka MSF ta tsaya a kan cewa sai an tsabtace gari sannan a ɗora yaransa a kan magani. Ma'ana, ran yaro ya rataya a kan kuɗin kwashe ƙasa. Likita yana nan, magani yana nan, amma sai an sami mai biyan lebura da tifa.

Waɗanda suka jagoranci kwashe ƙasar wani ƙaramin kamfanin injiniyoyi ne daga jihar Idaho ta Amurka mai suna TerraGraphics, tare da cibiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta Zamfara. Sun koyi aikin ne a Bunker Hill, wani tsohon wurin narka dalma a jiharsu inda aka shafe shekaru ana canza ƙasar tsakar gidajen mutane. A can da manyan motoci aka yi. A Dareta ƙofar zaure ba ta cin katafila, don haka aka koma ga fartanya da shebur da buhu da baro. Aka ɗauki mazan garin aiki. Akwai wata na'ura ta hannu mai kama da bindigar wasan yara, a ɗora bakinta a ƙasa, cikin minti ɗaya ta faɗi yawan dalmar da ke wurin. Inda ta nuna, sai a kankare saman ƙasa kamar kaurin yatsu uku, a zuba a buhu, a kai wani rami da aka haƙa a bayan gari a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a sake aunawa. Gida-gida, ɗaki-ɗaki. Sai da sarakunan Anka da Bukkuyum da dagatai suka sa baki kafin magidanta su yarda a shiga cikin gida, kuma su suka taimaka aka fitar da injinan niƙan dutse daga cikin gari.

An gama Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010 da ɗan abin da ƙungiyoyin nan da gwamnatin jiha suka harhaɗa, ana rige-rige da damina. Daga Oktoban 2010 zuwa Maris na 2011 aka yi wasu ƙauyuka biyar, Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru, da kuɗin asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga nan kuɗi ya ƙare. Saura Bagega.

Bagega ba ƙaramin ƙauye ba ne. Gari ne babba a ƙasar Anka, kuma shi ne cibiyar niƙan dutse ta yankin. A gefensa akwai wani makeken fili da aka jera injina aka tara tsibin-tsibin na dusar dutse, har ma'aikatan agaji suka riƙa kiransa unguwar masana'antu. Aikinsa ya fi ƙarfin kuɗin agaji, kuma masu ba da agajin sun ce, da gaskiyarsu, ƙasa mai arzikin mai ta isa ta ɗauki nauyin garinta guda. Yara kimanin 1,500 ne ke jira. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, a raba tsakanin ma'aikatun muhalli da ma'adinai da lafiya. Damina ta 2011 ta zo ta wuce. A watan Mayun 2012 MSF ta kira babban taro a Abuja kan maganar, aka gayyaci ministocin nan uku, babu wanda ya zo da kansa. Damina ta 2012 ma ta zo ta wuce.

Mai karatu ya ɗan tsaya ya yi lissafi tare da ni. Kasafin kuɗin tarayya na 2013 ya kusa naira tiriliyan 5. Naira miliyan 850 a cikinsa kamar naira 17 ce a cikin naira 100,000. Ba rashi ba ne ya hana. Abin da ya faru shi ne babu wani asusu da aka ware wa irin wannan aiki, babu ofishin da za a kama a ce laifinka ne. Kuɗin sai an roƙa, sai takarda ta bi tebur-tebur, kuma a kowane tebur akwai abin da ya fi Bagega gaggawa a idon mai teburin. Yaran Bagega ba su da wanda zai buga waya ya ce ina aka kwana.

A ƙarshen 2012 aka sami masu buga wayar. Wasu matasa biyu, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka kafa wani shiri mai suna Follow The Money, wato a bi sawun kuɗi. Suka je Bagega da kansu, suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, suka baza a Twitter da Facebook da taken #SaveBagega. Ƙungiyar Human Rights Watch da wasu ƙungiyoyin matasa suka sa mutane suka yi ta rubuta tambaya ɗaya a shafin Facebook na Shugaba Goodluck Jonathan. Masu aikin sun riga sun yi gargaɗi cewa in ba a fara da farkon shekara ba, ba za a gama kafin ruwa ya sauka ba, an sake asarar shekara ke nan. A watan Janairun 2013 Sanata Bukola Saraki, shugaban kwamitin muhalli na majalisar dattawa a lokacin, ya je garin ya gani da idonsa. Kafin watan ya ƙare aka saki kuɗin. Aka shiga kwashe ƙasa, a watan Afrilu MSF ta fara karɓar yaran unguwannin da aka gama, zuwa Yuli aiki ya kammala. Abin da aka shekara biyu ana jira, wata biyar ya ci.

A matsayina na mai sana'ar kwamfuta, abin da ke burge ni da matasan nan shi ne ba wata gagarumar manhaja suka rubuta ba. Jadawali ne na nawa aka ce, nawa aka saki, wa ya karɓa, me aka saya, sai waya mai kyamara, sai naci. Bayan an saki kuɗin ma ba su tafi ba, suka ci gaba da tambayar kowace ma'aikata abin da ta yi da rabonta.

Jimillar abin da aka yi a garuruwan takwas: an kwashe ƙasa fiye da mita kubik 27,000 daga gidaje da wuraren niƙa 820, akasari da hannu. In tifa tana ɗaukar mita kubik goma, tifa 2,700 ke nan. An yi wa yara fiye da 2,300 magani a wannan zangon, kuma MSF ta ci gaba da aikin har farkon 2022 kafin ta miƙa wa gwamnatin jiha. Mutane ba su yi hijira ba, suna nan a gidajensu, wanda shi ne ainihin manufar aikin: ƙasa ta sake zama abin zama. Sai dai wasu gidajen sun sake gurɓata, don talauci bai tafi ba, zinariya ma ba ta tafi ba, mutum zai dawo daga rami da ƙura a rigarsa ya rungumi ɗansa. Kuɗin gaggawa yana biyan kankara, ba ya biyan mai zagayowa duk shekara da na'ura ya sake aunawa. Kuma da irin wannan annoba ta ɓulla a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a 2015, yara 28 suka rasu, sai aka sake bin hanyar nan tun daga farko: alkawari, jira, gangami a intanet, sannan a 2016 aka fara kwashe ƙasa. Kamar ba a taɓa yin Bagega ba.

Ƙa'idar da duniya ta yarda da ita ita ce wanda ya ɓata shi zai gyara, kuma Nijeriya ta taɓa cin moriyarta. A 1988 aka gano dubban gangunan sinadarai masu guba da wasu 'yan kasuwar Italiya suka jibge a wani fili a garin Koko, cikin tsohuwar jihar Bendel, suna biyan mai filin dala 100 a wata. Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya, har aka zo aka kwashe kayan aka mayar. A shekarar ce aka yi dokar hana shigo da shara mai guba, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A ƙasar Ogoni, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce a ware dala biliyan 1 don shekaru biyar na farko, daga aljihun kamfanonin mai da gwamnati, aikin da ya ce zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A Arlit ta Jamhuriyar Nijar, da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a ƙarshen Maris na 2021, an bar tsibin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20, kamfanin ya ce zai kashe sefa biliyan 95 wajen rufe ta da gyara wurin. Ana iya jayayya a kan ko kuɗin sun isa, ko ana kashe su yadda ya kamata, kuma ana yi. Amma a duk wuraren nan akwai wanda za a riƙe wa riga.

A Bagega wa za ka riƙe? Wanda ya niƙa dutsen shi ne uban yaron da ke kwance. Masu sayen zinariyar sun kwasa sun yi gaba, ba su bar adireshi ba. Haka mai fasa batir na bayan Ƙofar Marusa: in yana raye, tsoho ne talaka, wataƙila ma dalmar ta fi yi masa illa fiye da kowa. Yawancin gurɓatattun filayenmu irin wannan ne, marayu ne.

Amurka ma ta taɓa tsayawa a wannan mararraba. A garin Niagara Falls wani kamfani mai suna Hooker ya binne sinadarai kimanin tan 21,000 a wani tsohon rami da ake kira Love Canal, ya rufe da ƙasa, a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu da filin a kan dala ɗaya. Aka gina firamare a kai, gidaje suka kewaye ta. Kududdufi ne aka cike aka yanka fulotai, ba wani abu ba. Sai a 1978, da guba ta fara tsattsafowa a gidajen mutane, aka kwashe ɗaruruwan iyalai. Abin da ya biyo baya shi ne dokar Disambar 1980 da ta kafa asusun da ake kira Superfund, da dala biliyan 1.6 a farko. Hikimar dokar biyu ce. Gwamnati za ta iya fara aiki da kuɗin asusun, daga baya ta bi mai laifi ta karɓa. In kuma babu mai laifin da za a kama, asusun ya ɗauka, domin ana cika shi da haraji a kan ɗanyen mai da sinadarai. Da wannan doka aka gyara Bunker Hill, inda mutanen da suka zo Dareta suka koyi aiki. Harajin ya tsaya a 1995, asusun ya rame, ayyuka suka yi ta jan ƙafa, sai a 2021 da 2022 aka dawo da shi. A 2002 kuma suka yi wata dokar don ƙananan filaye, tsohon gidan mai, tsohon gareji, tsohuwar masaƙa: gwamnati tana ba ƙananan hukumomi kuɗin awo da gyara, kuma mai sayen da ya bincika tarihin fili kafin ya saya ba za a ɗora masa laifin na gabansa ba. Wannan ta biyun ita ta fi kama da buƙatarmu.

Mu ma muna da asusu, a takarda. Tun 1981 aka kafa Asusun Muhalli, ana cire masa kaso daga asusun tarayya kafin a yi rabo, amma zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada sun isa su cinye shi ko da ana kashe shi tsakani da Allah. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun gyaran muhalli da masu lasisin haƙa za su riƙa zubawa, sai dai mai haƙa da diga a dajin Anka ba shi da lasisi. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 tana kallon manyan ayyukan da za a fara ne. Ba ta tsaya a kan cinikin fuloti tsakanin dillali da malamin makaranta ba.

Duk wanda ya san Kano ya san inda wannan giɓi yake da girma. Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun yi zamani suna cike da masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na fenti. Ruwan majemu, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom da ake jima da shi, ya shekara da shekaru yana bin Getsi da Jakara da Salanta. Daga tsakiyar shekarun 1980, tsadar kayan gyara da rashin wuta da kayan waje suka rufe kamfanoni da yawa. Yau in ka zaga za ka ga wani ya zama sito, wani ɗakin biki, wani an rushe an yanka. Sake amfani da fili abu ne mai kyau, ya fi a bar kango ga macizai da 'yan shaye-shaye. Tambayar ita ce ko akwai wanda ya ɗora na'ura a ƙasar kafin a yi.

Katsina ba ta taɓa zama garin manyan masana'antu ba. In ka cire kamfanin mulmula ƙarfe da aka gina zamanin Shagari, ɗaya daga cikin uku irinsa tare da na Jos da Oshogbo, wanda aka sayar wa 'yan kasuwa a 2006, sauran sana'o'inmu na rumfa ne: makanikai, masu walda, masu fenti, masu narka goran ruwa su yi tukwane, masu ƙona wayar lantarki su ciri jan ƙarfe, masu batir. Wannan ya sa muke ganin maganar ba tamu ba ce. Amma dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, ruwan sama ba ya tafiya da ita sai dai ya matsar da ita gaba. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ne. Yanzu kuma da kowane gida mai hali ya sa sola, tsofaffin batura ƙaruwa za su yi. Ga kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ginin gidaje da ganuwa, kusan duk an cike su da abin da gari ya zubar, an gina a kai. Ga lambunan da ke bin Ginzo ta Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, waɗanda ke shan ruwan kwatar gari da rani, kuma daga can latas da kabejin da muke ci suke fitowa. Masu bincike na jami'o'inmu sun sha ɗibar ƙasa da ganye a wuraren nan suna auna ƙarafa masu guba. Sakamakon yana ƙarewa a kundin digiri da mujallun ilimi, ba ya isa teburin mai ba da izinin gini.

A ganina abin da ya fi sauƙin farawa shi ne rubutawa. Jihohinmu sun shiga ɗora bayanan filaye a kwamfuta, Kano tana da KANGIS, Katsina tana da KATGIS. Ƙara gurbi ɗaya a rumbun bayanan, mai cewa "me aka taɓa yi a nan", aikin yini guda ne ga mai irin sana'ata. Cika gurbin shi ne aiki, kuma masu unguwanni da dattawa sun san amsar a ka, tun kafin su tafi da ita. Na'urar awon da aka yi amfani da ita a Dareta ba ta kai kuɗin jif ɗaya ta manyan jami'ai ba. Kuɗin kwashewa kuwa, in ba a ɗora wani ɗan abu a kan kowane sabon batir ko kowace rajistar fili an tara a asusun da doka ta hana taɓawa ba, to za mu ci gaba da jiran sai yara sun mutu sannan a fara neman wanda zai yi gangami. Na san abin da mai karatu zai ce game da asusu a ƙasar nan, ni ma na faɗa wa kaina. Amsar da nake da ita ita ce ta Bagega: jadawali a bainar jama'a da mutanen da ba sa gajiya da tambaya.

Mun koma fulotin ni da Yaya ranar Asabar da sassafe, da diga da ledoji. Muka tona wuri biyar. Jar ƙasar ba ta wuce taƙi ɗaya ba. A ƙarƙashinta ƙasa baƙa ce mai maiƙo, a kusurwar gabas kuma diga ta riƙa fito da ɓaraguzan baƙar roba, irin ta kwankon batir. Na kai wa wani abokina da ke aiki a ɗakin gwajin sinadarai, ya ce in ba shi mako biyu. Dillali kuwa ya ba mu zuwa Juma'a, ya ce akwai wani a layi da kuɗinsa a hannu.

A hanyar komawa Yaya ya ce, "To in ta nuna akwai, wa zai biya kuɗin kwashewa?"

Na ce, "Kai, Yaya."

Muka tsaya muka yi lissafi a waya. Fulotin ƙafa hamsin ne a kan hamsin. In za a kwashe zurfin ƙafa ɗaya, tifa bakwai za ta fita, tifa bakwai ta shigo, ban da lebura, ban da siminti da za a malale tsakar gidan da shi. Ya yi shiru, sannan ya ce in aka rage masa a kuɗin filin zai iya. In kuma ya fasa, wanda ke layin zai saya, shi ma da 'ya'yansa, kuma ba wanda zai gaya masa.

Da yamma na kira wani mai tifa na tambaye shi farashi. Ya faɗa. Na ce to ƙasar da za a kwashe, ina za ka kai ta? Ya ce wannan ba matsala ba ce, akwai wani kududdufi da ake cikewa a can gaba, masu wurin ma har ɗan na goro suke ba shi in ya kai musu.